Sharhi a kan famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a lambun haɗin gwiwa na ƙauyenmu

Famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda jama'a suka fi sani da famfon sola, ya samu karɓuwa a ƙauyukan Kano da Jigawa tun bayan da gwamnatin tarayya ta cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai, balle a hannun 'yan bumburutu waɗanda su ne madogarar mutanen karkara. Manomin rani da ya saba ɗaukar galan ya nufi bakin titi kowace safiya sai ya wayi gari ribar tumatir da albasarsa tana ƙarewa a tankin inji. A wannan hali ne masu shagunan kayan sola suka fara tallata famfon da magana mai daɗin ji, wato mutum ya saya sau ɗaya ya huta da sayen mai har abada. Ra'ayina, bayan na ga aikinsa a hunturu da bazara, shi ne famfon ya cancanci kuɗinsa, amma ba magajin injin fetur ba ne kamar yadda ake sayar da shi. Yanayin ba da ruwansa daban ne, kuma duk lambun da bai sauya tsarinsa domin ya dace da wannan yanayi ba, masu shi za su yi ta zagin famfon a kan laifin da ba nasa ba.

Lambun da nake magana a kansa yana wani ƙauye a ƙasar Ringim, ba nisa da kogin Haɗeja, kuma girmansa ya kai kimanin rubu'in hekta. Fili ne na gari da mai unguwa ya ware da amincewar dagaci, aka kewaye shi da darni, aka raba shi fangali-fangali tsakanin gidaje. Mafi yawan masu aiki a ciki tsofaffin mata ne da zawarawa da samari, sai kuma yaran da iyayensu mata ke aikowa daga cikin gida. Ana shuka alayyafo, salak, yakuwa, rama, kuɓewa, albasa, tumatir, attarugu da tattasai, kuma manufar farko ita ce kayan miyar gida, abin da ya yi saura ne ake kaiwa kasuwa. Dattawa sun yi ban ruwa da jigo da guga a wannan yanki. Daga baya, musamman da zuwan shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan fetur suka bazu, jigo ya zama labari. Da irin wannan inji mai bakin inci biyu muka daɗe muna aiki, ana karo-karon kuɗin mai, har lokacin da karo-karon ya fara gagarar wasu, aka soma ganin fangulan marasa hali suna bushewa kusa da na masu hali, abin da ya saɓa wa dalilin kafa lambun tun asali.

Abin da muka saya a wani shago cikin birnin Kano ya ƙunshi famfo mai ƙarfin wat 750, wato kimanin ƙarfin doki ɗaya, irin wanda ake zura shi cikin rijiya ya zauna a ƙarƙashin ruwa. Farantan sola huɗu masu wat 300 kowanne. Akwatin sarrafa wuta da masu haɗawa ke kira kwantirola. Sai waya da bututu da ƙarafan da farantan ke zama a kai. Babu batir a cikin tsarin, kuma na ɗauki wannan a matsayin alheri, domin batir shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a kayan sola, zafin ƙasarmu kuwa ba ya raga masa. Famfon yana tashi da kansa idan rana ta yi ƙarfi, yana tsayawa da kansa idan ta yi sanyi. Tankin roba mai cin lita 5,000 da ginin bulon da ya hau kai ba sa cikin kuɗin shago, mu muka yi su daban, kuma mai niyyar saye ya sa su a lissafi tun farko, domin su ma ba ƙaramin kuɗi suke ci ba.

Wurin da aka fi ruɗar masu saye shi ne jikin kwali. Za a ga an rubuta adadi biyu manya, ɗaya na yawan ruwan da famfon ke bayarwa a awa, ɗaya kuma na tsayin da yake iya tura ruwa. A namu an rubuta lita 10,000 a awa da tsayin mita 50. Mai karatu zai zaci famfon yana ɗago lita 10,000 daga zurfin mita 50, alhali ba haka lamarin yake ba. Adadin farko ana samunsa ne idan babu wani tsayi da ruwan zai hau, na biyun kuma shi ne inda ƙarfin famfon yake ƙarewa, ruwan ya koma ɗigo. Ainihin aikin yana tsakanin biyun, kuma ya dogara da nisan da ke tsakanin saman ruwan rijiya da bakin tanki, tare da tsawon bututu da yawan lanƙwasarsa, domin kowace kwana da kowane ƙunci a bututu suna cin wani abu daga ƙarfin famfon. Masana'antu sukan sa jadawali a cikin takardar bayani da ke nuna yawan ruwa a kowane tsayi. Da muka nemi wannan takarda, Alhajin shagon bai ɓoye ta ba, amma a fili yake cewa ba kasafai ake tambayarsa ita ba, kuma yaransa sun fi son karanta wa mutum manyan lambobin kwali. A rijiyarmu, idan aka haɗa zurfi da tsayin tanki da jan bututu, ruwan yana hawan abin da ya kusa mita 20. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne a kafa durom mai cin lita 200 a duba agogo. Namu yana cika shi cikin kimanin minti biyu da rabi da tsakar rana idan sama ta yi garau, wato wajen lita 4,800 a awa, ƙasa da rabin abin da kwali ya nuna. Wannan ya yi daidai da jadawalin masana'anta, saboda haka ban ga ha'inci a famfon ba. Inda na ga gazawa shi ne a yadda ake gabatar da shi ga mutumin da bai san akwai jadawalin ba.

To, wannan ruwa ya isa? Lissafin ba mai wahala ba ne. Milimita ɗaya ta ruwa daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, kuma kayan lambu a lokacin zafi da bushewar iska suna buƙatar tsakanin milimita 6 zuwa 8 a rana. Rubu'in hekta murabba'in mita 2,500 ne, saboda haka lambu irin namu yana neman lita 15,000 zuwa 20,000 kowace rana a tsakiyar bazara, ban da abin da ke ɓacewa a hanya. Famfon kuwa ba ya aiki da cikakken ƙarfinsa tun safe har yamma. Yana farawa a raunane da hantsi, ya yi ƙarfi daga wajen ƙarfe goma zuwa ƙarfe uku, sannan ya riƙa ja baya har ya tsaya bayan la'asar. Idan aka tara aikin yini guda, bai wuce na awa biyar zuwa shida na cikakken ƙarfi ba. A rana mai haske ruwan ya ishe mu har da ɗan rara. A ranar da ƙura ta rufe sama kuwa, sai an yi tsimi.

Bambancin da ya fi girgiza mutane a makonnin farko shi ne na gudun ruwa. Injin fetur mai bakin inci biyu yana iya zuba lita 500 ko fiye a minti ɗaya idan ruwa na kusa, famfon sola namu kuwa wajen lita 80 ne a mafi ƙarfinsa. Na farkon ruwa ne kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, na biyun yayyafi ne da ke wuni. Tsohon tsarinmu na sako ruwa a doguwar magudanar ƙasa, a riƙa buɗe bakin fangali da fartanya ana toshewa, an gina shi ne a kan ruwa mai ƙarfi da ke isa ƙarshen lambu kafin ƙasa ta shanye shi. Ƙasarmu jigawa ce mai yashi. Da aka sako ruwan famfon sola a wannan magudana, sai ya riƙa nutsewa a hanya, na kusa da rijiya suka samu, na nesa suka tashi da danshi kawai. A nan ne wasu suka yanke hukuncin cewa an yi asarar kuɗi, kuma da an tsaya a haka, da sun yi gaskiya.

Gyaran da aka yi bai shafi famfon kansa ba. An daina barin ruwa ya bi ƙasa daga rijiya, aka mayar da shi cikin tanki, daga tanki kuma aka binne bututun roba da ya ratsa tsakiyar lambu, aka fitar da kawunan famfo a wurare shida, kowanne da mesarsa. An rage girman fangula aka daidaita shimfiɗarsu domin ɗan ruwa ya game su ba tare da ya taru a gefe guda ba. Wannan aiki ya ci kwanaki ana gayya, kuma shi ne ainihin abin da ya mayar da famfon mai amfani. Abin da ya ba ni haushi da shagon shi ne mutanen da suka zo haɗawa sun ga magudanar, sun ga yashin, sun san abin da zai faru, amma babu wanda ya ce uffan, domin aikinsu a ganinsu ya ƙare da zarar ruwa ya fito daga bakin bututu an tafa musu.

Akwai kuma batun lokaci. Famfon ya fi ba da ruwa a daidai sa'ar da ba a son ban ruwa, wato tsakar rana, lokacin da zafi ke ƙafar da ruwa kuma mutane ke neman inuwa. Tanki shi ne ke sasanta wannan saɓani, amma tankin lita 5,000 yana cika cikin awa ɗaya da ɗoriya, kuma idan ya cika akwai 'yar na'ura mai iyo a ciki da ke tsayar da famfon. Ma'ana, duk lokacin da tanki yake cike babu mai ɗiba, rana tana tafiya a banza. Saboda haka aka raba yini kashi uku. Masu salak da alayyafo da gadon reno suna sha da sassafe daga ruwan da ya kwana a tanki, masu tumatir da albasa da barkono suna sha daga hantsi zuwa azahar kai tsaye yayin da famfon ke aiki, tunda ruwansu a gindi ake zubawa, sannan a bar tanki ya cika domin masu zuwa bayan la'asar da kuma na gobe da safe. An bar wa tsofaffi zaɓin safe da yamma, samari suka ɗauki rana. Wannan rabo ya fi na zamanin inji adalci, domin a da wanda ya kawo mai shi ke da iko da ruwa, yanzu kuwa layi ne da aka rubuta aka liƙa a jikin ginin tanki, kuma idan gardama ta taso ana kai ta gaban Baba mai unguwa bayan sallar magariba.

Hunturu shi ne jarrabawar famfon ta gaskiya, kuma shi ne lokacin da noman rani yake kan ganiyarsa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙura tana cutar da shi ta hanya biyu. Wadda ke sararin sama tana rage hasken da ke isowa, wannan kuwa babu abin da mutum zai yi a kai. Wadda ke sauka a kan faranti kuma tana iya rage ruwan fiye da yadda ake zato, kuma maganinta a hannu yake. Wanke faranti da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi, yana dawo da ƙarfin famfon, har ana jin bambanci a ƙarar ruwan da ke zuba a tanki. Goge shi a bushe kuskure ne, domin yashin yana kankare gilashi, haka ma watsa ruwan sanyi a kan faranti mai zafi da rana tsaka. Sa'ar da aka yi ita ce a hunturu shuka ba ta shan ruwa kamar a bazara saboda sanyi, saboda haka raguwar ruwan ba ta cika yin ɓarna ba sai idan hazo ya jera kwanaki. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, rana tana da ƙarfi, amma mutane da yawa ba su san cewa zafi yana rage wa faranti ƙarfi ba. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kimanin kashi 0.4 cikin ɗari, farantin da ke tsakiyar rana a watan Afrilu kuwa yana iya haura digiri 60. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa farantai masu wat fiye da na famfo, kuma a nan shagon ya yi daidai da ya ba mu wat 1,200 ga famfo mai 750. Na ga wuraren da aka rage faranti ɗaya domin a rage farashi, famfon ba ya tashi sai rana ta kusa take tsaka. Araha ba ta ado.

An kafa farantan suna fuskantar kudu da ɗan karkata kaɗan, kamar yadda ya dace da yankinmu, kuma karkatar tana taimakawa ruwan wanki ya gangara. Abin lura shi ne inuwa. Tunda a jere aka haɗa su, inuwar reshe ɗaya a kan kusurwar faranti ɗaya tana jan ƙarfin sauran ƙasa. Akwai wata darbejiya a yammacin rijiyarmu da ke jefa inuwa bayan azahar, kuma sai da aka sha muhawara kafin a yarda a sassabe mata rassa biyu, domin a ƙarƙashinta ake hutawa, da ganyenta da 'ya'yanta kuma ake haɗa maganin ƙwari.

Ta fuskar zurfi, famfon ya warware wata tsohuwar matsala. Injin fetur zuƙo ruwa yake yi daga sama, kuma ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas komai ƙarfinsa. Shi ya sa a ƙarshen rani, idan ruwa ya yi ƙasa, ake haƙa rami a gefen rijiya a saukar da injin ciki, aikin da ke da wahala da haɗari a ƙasa mai yashi. Famfon da ke cikin ruwa turowa yake yi, saboda haka wannan wahala ta kau. Maƙiyinsa shi ne yashi. Ƙananan rijiyoyin da ake haƙawa da hannu a fadama sukan zo da yashi idan ba a sa matata mai kyau da tsakuwa a gindinsu ba, yashin kuma yana cinye fukafukan cikin famfo a hankali har ruwan ya ragu ba tare da an san dalili ba. Dole ne a ɗaga famfon daga ƙasan rijiya da mita ɗaya ko biyu, a rataye shi da igiyar roba mai ƙarfi, kada nauyinsa ya dogara a kan waya. Na'urar da ke tsayar da shi idan ruwa ya janye ta yi mana aiki sosai a watan Mayu, kuma ba zan shawarci kowa ya sayi famfon da ba shi da ita ba, domin famfon da ya yi gudu a bushe ƙonewa yake yi.

Matsala mafi girma da muka fuskanta daga aikin haɗawa ta fito. Wurin da wayar famfo ta haɗu da doguwar waya yana zama ne a cikin ruwa, kuma akwai kayan liƙi na musamman da ake rufe shi da su. Masu haɗawa sun naɗe shi da salatif kawai. Bayan wasu watanni ruwa ya shiga, kwantirola ta fara nuna jar wuta, famfo ya tsaya a daidai lokacin da albasa ke ƙwai. A nan ne muka gane raunin wannan fasaha a karkara. Kowane ƙauye yana da bakaniken da zai kwance injin fetur ya gyara kafireto da filogi kafin a idar da sallar azahar, amma mai gane kwantirola da abin da fitilunta ke nufi sai an nemo shi daga gari. Shagon ya cika alkawarin garantinsa, ya aiko da yaro ya gyara haɗin yadda ya kamata ba tare da karɓar kuɗin aiki ba, amma sai da aka yi ta kira ana cewa gobe, kuma mu muka biya kuɗin mota. Tsohon injinmu da ba mu sayar ba shi ya ceci albasar. Saboda haka, idan aka tambaye ni game da shagon, sai in ce kayansa na gaske ne, lissafin farantansa daidai ne, bai musanta garanti ba, amma ma'aikatansa suna gaggawa, kuma ba su koya wa kowa komai ba kafin su tafi. Rabin awa na bayani ga samari biyu a ranar haɗawa da ya rage mana kiran waya da yawa. Ba su kuma kafa ƙarfen da ke janye tsawa zuwa ƙasa ba sai da muka nema kafin damina.

Sata abu ne da ba za a yi shiru a kansa ba. Injin fetur ana ɗaura shi a babur a kai gida da yamma, farantai kuwa a daji suke kwana, kuma suna da kasuwa. An walde kusoshin da suka riƙe namu, an sa kwantirola a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, an kuma ɗauki mai gadi da ke kwana a wata 'yar bukka. Ƙarafan su ma sai an kafa su da siminti sosai, domin guguwar farkon damina tana ɗaga kwanon gida balle faranti.

Wannan ya kawo mu batun kuɗi, inda na fi ganin dacewar famfon da lambun jama'a fiye da na mutum ɗaya. Farashinsa yana bin dala, yana sauyawa daga wata zuwa wata, amma a kowane hali ya ninka na injin fetur sau da yawa, kuma ƙaramin manomi ɗaya da wuya ya iya ɗauka. Gidaje da yawa kuwa sun iya, ta hanyar karo-karo da adashin mata da gudummawar 'yan garin da ke aiki a birni. Haka kuma ruwan da ke zuwa kaɗan-kaɗan tsawon yini ya fi dacewa da mutane masu yawa da ke zuwa bi da bi fiye da mutum ɗaya da ke son ya gama ban ruwa cikin awa biyu ya tafi wata sabgar. Gardamar da ta fi tsawo ita ce ta kuɗin mako. Wasu sun ce tunda babu sayen mai, kuma rana ta Allah ce, babu dalilin ci gaba da biya. An dage cewa kowane mai fangali zai riƙa ba ma'aji wani ɗan abu duk mako, ƙasa da abin da yake bayarwa na mai a da, domin albashin mai gadi da sauya mesa da tanadin ranar da famfo ko kwantirola za su mutu. Farantai suna iya kai shekara ashirin ko fiye, amma famfo da kwantirola ba za su kai haka ba, kuma ƙauyukanmu cike suke da rijiyoyin sola da aka buɗe da biki suka mutu saboda babu asusun gyara.

Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne yadda ƙarancin gudun ruwa ya sa mutane suka waiwayi ƙasar kanta. A zamanin inji ana malala ruwa ne, takin zamani kuma ya bi shi ya nutse ƙasa da saiwa. Yanzu da kowa ke da rabonsa a ƙayyade, an fara rufe fangula da ɓuntun shinkafa da busasshiyar ciyawa, an haƙa ramin taki a kusurwar lambu inda ake tara kashin dabbobi da toka da ganye ana yayyafa ruwa ana juyawa har su ruɓe. Fangalin da ya sha irin wannan taki kuma aka rufe shi yana riƙe danshi a fili fiye da na kusa da shi da aka bari tsirara, kuma ganin ido ya fi kowane wa'azi saurin shawo kan masu shakka. An dasa zogale a jikin darni ta arewa da gabas domin ya karya iskar hunturu ya kuma ba da ganye. An gwada ban ruwa na ɗigo a layukan tumatir kaɗan, ya yi tsimin ruwa ƙwarai, amma ƙofofinsa suna toshewa da yashi idan ba a wanke matata kullum ba, kuma ɓeraye suna huda robar, saboda haka ba a faɗaɗa shi ba.

Famfon ba ya maganin awaki, kuma ba ya maganin tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Jigawa da maƙwabtansu a shekarar 2016 kuma take dawowa idan zafi ya shigo. Ba ya kuma hana farashi faɗuwa a lokacin da tumatirin Kura da Kadawa ya cika kasuwa. Akwai ma wani haɗari da shi kansa yake kawowa. Tsadar mai ita ce ke tilasta wa manomi kashe inji, to idan ɗebo ruwa ya zama kyauta, me zai hana a bar famfo yana zuba tun safe har yamma? Ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwarin Haɗeja ambaliyar kogi da ruwan damina ne ke ciyar da shi, kuma tun bayan kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin wannan ambaliya ya sauya. Famfo ɗaya a rubu'in hekta ba zai ƙafar da fadama ba, amma idan kowace gona ta kafa nata ba tare da tanki da na'urar tsayarwa ba, masu rijiyoyin sha marasa zurfi su ne za su fara ji a jikinsu.

Wanda ke da babbar gonar shinkafa ko alkama da ke son a malale ta da ruwa, famfo mai wannan girma ba nasa ba ne, sai dai ya nemi babba mai farantai da yawa, kuɗin kuma ya zama wani labari. Ga lambun kayan miya na unguwa ko na ƙungiya da bai wuce rubu'in hekta ba, ya dace, da sharaɗin a auna zurfin ruwa a watan Afrilu ko Mayu lokacin da ya fi yin ƙasa, a kai wa mai shago wannan adadi a nemi ya nuna a jadawali lita nawa famfon zai bayar a wannan tsayi, a rubuta garanti a kan rasit, kuma a tsaya a kan masu haɗawa har a ga irin abin da suka rufe haɗin waya da shi. A taronmu na ƙarshe an tattauna ko a ƙara farantai biyu ko a sayi tanki na biyu da abin da ya taru a asusu. Lissafi ya nuna cewa asararmu ta fi yawa a sa'o'in da tanki ke cike famfo yana tsaye, saboda haka aka zaɓi tanki, kuma za a fara buga bulonsa bayan girbin gero.